Likita ya ce siliyak ce, wani likitan ya ce ba ita ba ce: maganar wa za a ɗauka?

Idan likita ya dube ka ya ce daga yau kai da alkama har abada, ka kwashi takardunka ka je wajen wani likitan ya ce babu abin da ke damunka sai olsa, ka je ka ci abincinka, maganar wa za ka ɗauka? Tambayar nan ta fara yawa a Kano tun da maganar gulutin, wani furotin da ke cikin alkama, ta shiga bakin mutane. A Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na mata ba ka rasa mai cewa fulawa guba ce, duk mai kumburin ciki ya bar ta. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa siliyak, cutar da alkama ke tayarwa, ta Turawa ce, mu da muka tashi da gurasa da finkaso ina ruwanmu. Tsakanin waɗannan biyun akwai marasa lafiya na gaske da suka rasa tudun dafawa.

Abin da ya sa na bi diddigin maganar shi ne 'yar yayata. Shekararta 24, ta kwashe kusan shekara uku cikin kumburin ciki da gudawa mai zuwa ta tafi, ga rama, ga ƙarancin jini da ya ƙi jin magani. An yi mata maganin taifot ya fi sau huɗu, na olsa kuwa ba a magana. Daga baya wani likita a wani asibitin kuɗi ya sa aka yi mata gwajin jini, ya ce alamar siliyak ta fito, ta bar duk wani abu na alkama. Ta bari, ta kuma ji sauƙi. Bayan wata biyar wani likitan ya maimaita gwajin, ya fito lafiya lau, ya ce ba ta da ita. Na ukun da aka kai ta wajensa, ƙwararre a ciwon ciki da hanji, ya ce ta koma cin alkama na tsawon makonni kafin ya ce komai. Ina zaune yayata ta ce masa, "Likita, yarinyar nan da ƙyar muka ga ta murmure, yanzu kuma ka ce ta koma cin abin da yake kwantar da ita?" Ya ce, "Hajiya, ban ce ki yi mata mugunta ba. Ina so ne mu san gaskiyar abin sau ɗaya, kada ta ƙare rayuwarta tana gudun abin da wataƙila ba shi ne ba."

Mece ce siliyak?

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa danƙo, yake sa burodi ya tashi. Ga yawancin mutane abinci ne kamar kowane abinci. Amma ga mai siliyak, da zarar ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, a wajen yaƙarsa kuma ta far wa bangon hanjin kansa.

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Lulluɓe yake da wasu 'yan ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai jini. Siliyak tana cinye su a hankali har wurin ya zama kamar tawul ɗin da ya tsufa ya koɗe. Mutum yana ci amma jiki ba ya samu. Daga nan ne ƙarancin jini yake zuwa, da rama, da gajiya, da raunin ƙashi, da tsumburewar yaro ya ƙi girma. Wasu matan sai a ga ɓari ko jinkirin samun ciki. Wasu kuma ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi ne suke feso musu a gwiwar hannu da ta ƙafa da ɗuwawu. Akwai ma wanda cikinsa ba ya ciwo ko kaɗan, ƙarancin jinin kawai za a gani. Wannan yawan fuskoki da cutar take da shi na daga cikin dalilan da ake daɗewa ana yi mata maganin wata cuta daban.

Ba kowa take kamawa ba. Sai mutum ya gaji ɗaya daga wasu ƙwayoyin halitta biyu, HLA-DQ2 ko HLA-DQ8. Amma gadonsu kaɗai ba ya nufin cuta, domin a ƙasashen Turai kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da su, kaɗan ne ƙwarai a cikinsu suke kamuwa. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 ne yake da ita, kuma da yawansu ba su sani ba. Ba ta da ƙwaya, ba ta da allura. Maganinta guda ɗaya ne tak: barin gulutin gaba ɗaya, har ƙarshen rai. Duk wanda ya ce yana da jiƙo ko gari da zai wanke ta daga jiki ka koma cin burodi, kuɗinka yake so.

Da gaske cutar Turawa ce?

A Turai aka fara gane ta, wannan gaskiya ne. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya siffanta ta a 1888. Wanda ya gano cewa alkama ce sanadi kuwa likitan yara ne ɗan ƙasar Holand, Willem Dicke. A lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da wannan cuta suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo.

Amma inda aka fara gane cuta daban, inda take daban. A 1999 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Carlo Catassi sun gwada yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira a Aljeriya, suka samu kashi 5.6 cikin 100 suna da ita, wanda ya ninka na Turai sau da yawa. A Afirka ke nan. An kuma san ta sosai a arewacin Indiya da ƙasashen Larabawa. Mu kuma nan Kano cimarmu ta sauya a idonmu. Kakanninmu gero da dawa suka dogara da su, alkama abincin sallah da biki ce. Yau yaro yana karyawa da burodi, ya ci taliya da rana, ya kwana da indomi ko tuwon samo. Likitan da ya ce "ba a samunta a nan" ba tare da ya gwada ba, ya yanke hukunci ne da abin da aka saba ji, ba da jikin wanda ke gabansa ba.

Inda saɓanin yake somawa

Mafi yawan rikicin nan a wuri ɗaya yake farawa, kuma shi ne nake so mai karatu ya riƙe ko da zai manta sauran: gwajin siliyak ba ya aiki sai mutum yana kan cin alkama.

Gwajin jinin da ake farawa da shi, wanda za ka gani a takarda an rubuta tTG-IgA, ba cutar yake gani kai tsaye ba. Sinadaran da garkuwar jiki take fitarwa lokacin da take faɗa da gulutin yake aunawa. Idan aka janye gulutin faɗan ya lafa, sinadaran sai su riƙa raguwa cikin watanni har su koma daidai. Hanjin ma yana farfaɗowa. To ka ga abin da ya faru da 'yar yayata. Likita na farko ya gwada ta tana cin alkama, ya ga alama. Na biyu ya gwada ta bayan wata biyar babu alkama, bai ga komai ba. Kowannensu abin da ke kan takardarsa ya faɗa, ba wanda ya yi ƙarya. Kuskuren na farko shi ne ya sa ta bar alkama kafin a kammala bincike. Kuskuren na biyu shi ne bai tambaye ta me take ci ba kafin ya ɗebi jinin. Mu ma da namu laifin, domin ba mu kai wa na biyun takardar farko ba, mun bar ta a gida cikin durowa.

Akwai wani tarkon kuma. Wasu mutane jikinsu ba ya samar da isasshen sinadarin garkuwar jiki mai suna IgA, wanda gwajin ya dogara da shi, tun asali, kuma wannan ya fi yawa a cikin masu siliyak, kusan 2 zuwa 3 cikin 100. Irin waɗannan gwajin zai fito babu komai ko da cutar tana cinsu. Shi ya sa ake auna jimillar IgA tare da shi, idan ta yi ƙasa a koma wani gwajin mai amfani da wani sinadarin garkuwar mai suna IgG. Sannan lambar da ta fito tana da muhimmanci. Wadda ta ɗan haura iyaka kaɗan ba daidai take da wadda ta ninka iyakar sau goma ba. Ta farkon tana iya fitowa saboda wasu dalilai, kamar ciwon suga nau'i na ɗaya ko ciwon hanta. Likita ɗaya zai ga 'yar haurawar ya ce siliyak, wani ya ce a dakata tukuna, kuma mai cewa a dakata ya fi kusa da daidai.

Mataki na biyu shi ne a zura siririyar kyamara ta baki har farkon ƙaramin hanji, a gutsuro 'yan ƙananan tsoka a duba su a ɗakin gwaji. A nan ma ana samun bambanci. Ɓarnar cutar ba shimfiɗe take ko'ina ba, tsalli-tsalli take yi, don haka ƙa'ida ita ce a ɗauko aƙalla guda huɗu daga cikin hanjin, da ɗaya ko biyu daga bakinsa. Idan an leƙa da ido kawai ba a gutsuro komai ba, ko an ɗauko guda ɗaya, to ana iya cewa lafiya lau alhali ba haka ba ne. Da yawa a nan ana yin wannan hoton ne don neman olsa, a duba tumbi a fito, mara lafiya ya tafi da tunanin an bincika masa komai.

Su kansu masanan ba bakinsu ɗaya ba

Wani saɓanin ba na kuskure ba ne, na makaranta ne. Ƙungiyar likitocin ciki na yara ta Turai ta amince tun 2012, ta kuma sabunta a 2020, cewa idan gwajin jinin yaro ya ninka iyaka sau goma ko fiye, aka sake ɗiban jini aka tabbatar da wani gwajin mai suna EMA, to ana iya cewa siliyak ce ba sai an zura kyamara ba. Ga manya kuwa, ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a ƙa'idojinta na 2023 ta ci gaba da fifita a gutsuro tsoka a duba. Birtaniya ta ɗan sassauta wa wasu manya a lokacin annobar korona, da asibitoci suka rage irin wannan aiki. Likitocinmu kuma wasu littattafan Ingila suka bi, wasu na Amurka, wasu a Masar ko Sudan ko Indiya suka yi karatu. Don haka idan likitan yara ya ce jini ya wadatar, likitan manya ya ce sai an yi hoto, ba lallai ne wani ya jahilci aikinsa ba.

Matsalar da ta fi shafar mu

Ga wani abu da ƙa'idojin Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole mu damu. Koɗewar bangon hanji ba siliyak kaɗai ke kawo ta ba. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai abubuwa da dama da ke yin irin wannan ɓarna: ƙwayar jiyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, da wata daɗaɗɗiyar gudawar ƙasashen zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta yake warkarwa, da tibin hanji, da cuta mai karya garkuwar jiki, da tamowa, da yawan kamuwa da cututtukan ciki tun yarinta saboda rashin tsaftataccen ruwa. Har wani maganin hawan jini mai suna olmesartan an tabbatar yana yin haka ga wasu.

Ke nan a Kano hoton hanji shi kaɗai bai isa hujja ba, kamar yadda jini mai 'yar haurawa shi kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa su. Za ka ga a takardar sakamako an rubuta Marsh da lamba a gaba. Marsh 1 yana nufin ƙwayoyin garkuwa sun yi yawa a bangon hanji amma tsiron nan suna nan, kuma abubuwa da yawa suna kawo hakan, har da ƙwayar da ke haddasa olsa. Marsh 3 shi ne tsiron sun lalace. Wanda aka samu da Marsh 3 kuma jininsa ya nuna alama sosai, maganarsa ta kusa ƙarewa. Wanda hanjinsa ya koɗe amma jininsa bai nuna komai ba alhali yana cin alkama, to a nemi sauran dalilan nan tukuna kafin a raba shi da gurasa.

"Ai da na daina na ji sauƙi"

Jiki magayi, ba a musun wannan. Amma jin sauƙi bayan barin fulawa ba ya tabbatar da siliyak. Alkama tana ɗauke da wasu nau'o'in sikari da ba sa narkewa da kyau, suna tara iska ga masu hanji mai saurin tashi, irin sikarin da ke cikin albasa da tafarnuwa. Akwai masu alajin alkama, wanda yake zuwa da borin jini ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan ci. Akwai kuma waɗanda alkama take damunsu ba tare da ta lalata musu hanji ba. Sannan wanda ya bar fulawa yawanci ya bar fanke da cincin da kayan maiƙo tare, dole cikinsa ya yi sanyi. Bambancin yana da girma: waɗannan za su iya ragewa gwargwadon yadda jikinsu ya ɗauka, mai siliyak kuwa ko ɓurɓushi ba nasa ba ne.

Me hukuncin yake nufi ga mutumin Kano?

Idan aka ce mutum ba shi da ita alhali yana da ita, zai ci gaba da shan maganin ƙarin jini ba ya ƙaruwa, ƙashinsa yana rauni a ɓoye, kuma idan shekaru suka ja akwai haɗarin wani nau'in ciwon daji na hanji, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Idan kuma aka liƙa masa ita alhali ba ita ba ce, an ɗora masa takunkumi na banza, kuma ainihin abin da ke damunsa yana can yana cinsa ba a nema ba. Gaba kura baya sayaki.

Takunkumin kuma ba ƙarami ba ne a garin nan. Babu gurasa, ko bandashe ko wadda ake haɗawa da tsire. Babu alkaki da dubulan na gara, babu finkaso da alkubus ranar sallah, babu taliya da kuskus da makaroni da tuwon samo. Lemon malt da wasu kayan shayi na gwangwani da sha'ir ake yinsu. Ɗanwake asalinsa wake ne da rogo da kuka, amma yanzu masu sayarwa da yawa suna zuba fulawa, haka wasu masu waina. Ko sinadarin ɗanɗano na miya sai an karanta jikin kwalinsa. Ma'aunin da duniya ta amince da shi kafin a ce abinci ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce kashi 20 cikin miliyan, wato ɗan abin da ya maƙale a inji ya isa ya ɓata lissafi. Ka tsaya a injin niƙan unguwa da safe ka gani: an sauke alkamar wata, ba a ko karkaɗe ba aka juye masarar wata. Man da aka soya fanke shi za a soya ƙosai. Waɗannan su ne suke sa mai siliyak ya rantse ya bar alkama amma gwajinsa ya ƙi sauka.

Akwai kuma talbina, wadda ake yawan bai wa mai ciwon ciki a shagunan maganin Musulunci. Falalarta ta zo a hadisi, ba mai ja da wannan. Amma da garin sha'ir ake yinta, sha'ir kuma yana da gulutin. Kamar yadda ake ce wa mai ciwon suga ya yi hattara da zuma duk da albarkarta, haka mai siliyak zai haƙura da talbina.

Sai dai ta wani ɓangaren mun fi Bature sa'a. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, doya, dankali, rogo, gyaɗa, babu gulutin a ko ɗaya. Wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya ga abincin mai siliyak buhu-buhu. Tuwon dawa da miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai, dambu, alala, sinasir, duk nasa ne, muddin an kiyaye wajen niƙa da suya. Ba sai ya sayi tsadadden biskit ɗin da aka shigo da shi daga waje ba.

Yadda ake kwance ƙullin

Yawo daga wannan asibiti zuwa wancan ana ƙirga waɗanda suka ce e da waɗanda suka ce a'a ba ya kai mutum ko'ina. Abin da za a tambayi kowane likita shi ne a kan me ya dogara. Wane gwajin jini aka yi, nawa ya fito, kuma nawa ne iyakar ɗakin gwajin? An auna jimillar IgA? Ina cin alkama a lokacin ko na bari? Tsoka nawa aka gutsuro? An duba bayan gida da sauran cututtukan da ke kama da ita? Wannan ba raini ba ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushinsa. A tara duk takardu a jaka ɗaya, har da waɗanda ake ganin sun tsufa, a miƙa ragamar ga ƙwararren likitan ciki da hanji guda ɗaya, irin waɗanda ake samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wanda bai riga ya bar alkama ba, kada ya bari sai an gama gwaji. Wanda ya riga ya bari, hanyar da aka sani ita ce ya koma ci a ƙarƙashin kulawar likita. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Birtaniya, ta ce a ci abu mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla mako shida kafin gwaji. Ba a yin wannan da ka, musamman ga mai juna biyu ko ƙaramin yaro ko wanda ya galabaita. Idan komawar ta gagara, gwajin ƙwayoyin halittar nan yana taimakawa, domin shi ba ruwansa da abin da ka ci. Idan babu DQ2 babu DQ8, kusan an kore siliyak ke nan. Idan akwai, bai tabbatar da komai ba, ƙofa dai a buɗe take. Yana da tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba.

Idan ta tabbata, a gwada iyaye da 'ya'ya da waɗanda ake ciki ɗaya da su, domin kusan 1 cikin 10 na makusanta irin waɗannan yana iya kasancewa da ita. Kuma duk ana cikin wannan jira, idan aka ga jini a bayan gida, ko baƙin kashi, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko rama mai sauri, ba a jiran mako shida, a koma asibiti a ranar.

'Yar yayata yanzu tana mako na biyar. Kullum da safe ana sayo mata gurasa ɗaya, da daddare ta ci taliya kaɗan. Kumburin ya dawo, wasu ranakun ba ta iya zuwa makarantar da take koyarwa. Yayata ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta abin da ta ci da yadda ta kwana, takardun nan uku kuma suna cikin jaka ɗaya a rataye a bayan ƙofa. Ranar Talata ta sama za a ɗebi jinin, a kuma zura kyamarar.